Jirgin da Ko Saniya Zai Ɗauka

Tun Garnet Moxey yana ɗan mitsitsi yake kallon Turawan nan masu zuwa hutu tsibirinmu na Bonnet a ƙananan jiragen sama na haya. Mutum ya tuƙo abinsa da kansa, ya sauko da gajeren wando da hanci jajir, ya ci soyayyen kifi, ya zagaya tsibirin ta sama yana ɗaukar hoton ruwa, ya kama gabansa. Garnet ya ci alwashin wata rana shi ma sai ya yi, kuma sai ya fi su iya saukowa daga jirgi.

Ya kuwa yi. Shekara kusan goma yana Florida yana sayar da tayar mota, duk Asabar yana makarantar koyon tuƙi, har dai aka ba shi lasisi. Kada a ɗauki alhakinsa, lasisin na gaske ne. Da hutunsa ya zo sai ya dira Nassau, babban birninmu, ya yi hayar wani ɗan jirgi mai kujera huɗu na kwana biyu, ya sayi farar riga mai zaren gwal a kafaɗa da baƙin tabarau, ya nufo gida.

Ba kifi ya zo ci ba. Don Merlene ya zo, 'yar Baba Basil masunci, wadda ke koyarwa a makarantar firamare. Sun daɗe suna hira ta waya, ya ba ta labarin gajimare iri-iri, amma tambaya ɗaya tak ta ƙi fitowa daga maƙogwaronsa. Kuma a Bonnet ba a yin irin wannan tambaya a ɓoye. Ka yi wa mace raɗa a bakin coci, kafin ka kai gida ka tarar ana gardamar wanda zai yanka akuyar biki. In kuma ta ce a'a, har jikokinka sai an ba su labari. Saboda haka ya tsara abinsa tsaf: ya ɗauke ta su biyu rak, ya hau da ita can inda babu kunnen kowa, ya karkata fiffike ta ga shuɗin ruwan nan, ya yi tambayarsa. Su sauka Nassau su ci abincin rana, su juyo. In ta ƙi, daga shi sai ita sai Allah.

Ranar Juma'a ya iso. Ya yi ƙasa-ƙasa a kan titin jirgi ya kori awaki kamar yadda kowa ke yi, ya zagayo ya sauka. Jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ya sake taɓawa ya sake tsalle, a na uku ya haƙura ya zauna.

Cyril mai tasi, abokinsa tun na ƙuruciya, yana jingine da mota yana shan mangwaro.

"Sannu da zuwa, Kyaftin! Sau uku na ga ka sauka. Wanne za mu ce wa mutane shi ne na gaskiya?"

"Titin nake gwadawa," in ji Garnet, yana gyara tabarau. "Haka ake yi a can. Ba a sakar wa titin da ba a sani ba nauyi gaba ɗaya."

"Titin da ka yi kiwon awaki a kansa ne ba ka sani ba?"

"Kai dai buɗe min mota."

Da yamma ya je gindin tsamiya inda dattawa ke buga domino. Baba Basil na nan, ƙaton mutum wanda in ya shiga kwale-kwale sai sauran fasinja su koma ɗaya gefen. Bai ko ɗago kai ba.

"Na hango abin naka daga teku," in ji shi. "Na zaci sauro ne ya yi ƙiba."

Aka kwashe da dariya. Garnet ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Baba, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Injin da ke gaban nan, in aka ɗaura masa tsamiyar nan sai ya tumɓuke ta. Ko saniya ka saka a ciki ba zai san an saka ba."

"Ko saniya?"

"Da marakinta."

"To, ina za ka da shi?"

"Nassau, gobe da safe. Abincin rana kawai zan je in ci in dawo."

Wasa ya tsaya cak. Wani dattijo da ya ɗaga hannu zai buga domino ya bar hannun a sama. Aka kalli juna. Wani ya ce ya tuna ya bar tukunya a wuta, shi da bai taɓa kunna murhu ba. Kafin ka ce me, gindin tsamiya ya watse.

Zaman Florida ya mantar da Garnet abubuwa. Bai tambaya ba, da an gaya masa jirgin ruwan da ke jigilar kayanmu duk mako ya lalace tun watan jiya, ga shi kuma damina ta faɗi, ƙaguwar tudu ta fito ko'ina. A Bonnet kuwa wanda zai tsallaka ruwa ba shi da ikon tafiya hannu rabbana. Ko gawa aka ɗauka zuwa Nassau sai an cusa burodi a gefen akwatin. Ba a cewa a'a, ba a tambayar abin da ke cikin saƙo, balle a ɗaga shi a yamutsa fuska. Akwai wani da ya taɓa ƙin karɓar kwalbar barkono. Ya daɗe da mutuwa, har yau ba a sa wa jariri sunansa.

Da safe Garnet ya iso filin jirgi ya zaci rasuwa aka yi. Duk tsibirin na nan, kowa da abinsa a hannu ko a ka. Ga kwalayen burodi, ga rogo, ga bokitin katantanwar teku. Fasto ya turo injin kwale-kwalensa a baro, wai a kai wa makaniki. Matar Fasto ta rungumo kek mai hawa uku na bikin 'yar ƙanwarta. Wani ya jawo ɗan akuya, ya ce tunda saniya ma ba matsala ba ce.

Merlene na tsaye can gefe da riga ruwan ƙwai, ita kaɗai ce ba ta riƙe komai ba. A bayanta ga Baba Basil da buhu a kafaɗa, buhun yana motsi da kansa.

"Ta ce ka gayyace ta ta ga ruwa ta sama," in ji shi. "Ni ma ban taɓa gani ba. Ga ƙaguwa kuma zan kai wa ƙanwata."

Kafin Garnet ya haɗiye wannan, sai ga Gwaggo Idella, wadda ta raine shi, da hular zuwa coci da jakar hannu.

"Ɗana, Allah ne ya kawo ka. Likitan ido ya gaji da jirana."

Garnet ya dubi tulin kayan, ya dubi jirgin. An koya masa lissafin nauyi a makaranta, kuma ya ci jarabawar. Ya san ko rabin wannan jirgin ba zai yafe masa ba. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai idonsa ya faɗa kan Merlene, ita ma shi take kallo.

"Wannan ne kawai?" in ji shi. "Na zaci kaya ne da ku. Ku kawo!"

Aka shiga cusawa. Garnet ya matsa kusa da Gwaggo ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, ba don komai ba, doka ce. Nauyinki nawa?"

Ita ta ɗaga murya, tunda shi ya sauke tasa.

"Me ka ce?"

"Jirgin ne ke son sani, ba ni ba."

"Ka gaya wa jirgin, ranar aurena da hannu ɗaya mijina ya ɗaga ni."

"Gwaggo, ai an kwana biyu."

"Ni na yi ta saɓa ka har ka yi haƙora, ban taɓa tambayar nauyinka ba. Matsa in wuce, mara kunya."

Ya shirya Merlene ta zauna gaba kusa da shi, don haka ya nuna wa Baba Basil kujerar baya. Baba ya shiga ya zauna, sai jirgin ya ɗaga hanci sama ya dafa wutsiya a ƙasa kamar kare mai roƙon ƙashi.

"Kyaftin, har ya fara tashi!" in ji Cyril.

Dole aka dawo da Baba gaba. Kafaɗarsa ta cinye rabin kujerar Garnet. Merlene ta koma baya kusa da Gwaggo, kek a cinyarta, ɗan akuya a ƙafafunsu, buhun ƙaguwa a saman kaya bayan kawunansu. Garnet ya waiga don ya yi mata murmushi, bai ga komai ba sai hawa na uku na kek.

Ya tayar da inji, ya kai jirgin bakin titi, ya ba shi wuta duka. Jirgin ya yi kuka mai ban tausayi ya fara tafiya. Tafiya dai, irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa. Cyril ya biyo su a tasi, ya zo daidai taga ya ɗaga musu hannu, ya wuce su. Da Garnet ya hango ƙarshen titi da lakar fadama na matsowa, ya rage wuta ya taka birki, ya juyo.

Jama'a suka tarbe su da tafi, wasu sun zaci har an je an dawo.

"Lafiya?" in ji Baba Basil.

"Lafiya lau. Iskar ce ba ta gama farkawa ba." Garnet ya sauko ya ja Cyril gefe. "Kana da tiyo da jarka?"

"Mai tasi kake tambaya?"

"Zuƙe min mai kaɗan daga fiffiken nan. Kaɗan fa na ce."

Ga jama'a kuwa ya juya ya ce, "Na cika shi da mai fiye da kima, shi ne yake jin kasala, kamar mutum in ya ƙoshi. Na bar wa Cyril ragowar kyauta. Mu a can ba ma ƙirga irin wannan."

Karo na biyu jirgin ya ɗan yi zuciya. Ya wuce tasi, ya wuce wata akuya, har ya yi tsalle ɗaya. Gwaggo ta rufe ido ta kama waƙar coci. Sai ya dawo ƙasa daɓas ya ci gaba da gudunsa, kamar ya leƙa sama ya ga ba ta yi masa ba. Garnet ya sake juyowa, rigar gwal ta jiƙe sharkaf.

Wannan karon ba a yi tafi ba.

"Ɗan nan," in ji Fasto, "ko dai kayan sun yi yawa?"

"Yawa? Ko kusa! Sai dai... titin ne ya gajarce. Da ba haka yake ba. In za a rage ɗan wani abu saboda titin, ba saboda jirgin ba..." Ya saci kallon injin kwale-kwale.

"Injin nan shi ke kai ni wa'azi ƙetare," in ji Fasto. "Ka sauke shi, rayukan mutane na wuyanka."

"To rogon fa?"

"Surukata na jego!" wata ta ƙwala daga baya.

"Akuyar?"

"Kai da bakinka ka ce saniya!"

Aka kaure da gardama. Kowane kwali da mai kare shi, kowane kwali da wanda zai mutu a Nassau in bai isa ba. Ana cikin haka Gwaggo ta leƙo ta gefen kek.

"Ke Merlene, wai me za ki yi a Nassau?"

"Ni ma ban sani ba, Gwaggo. Cewa aka yi in zo in ga ruwa ta sama."

"Ruwa? Ba ga shi nan ta ƙasa ba, kullum kina gani?"

"Gaskiya ne!" in ji matar Fasto. "Ita kaɗai ce ba ta da uzuri."

Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. Kowa ya yi mamakin yadda bai gano haka tun farko ba.

"A'a, ku tsaya!" in ji Garnet. "Ai ita ba ta da wani nauyi. Ita... dole ne ta je."

"Dole?" Baba Basil ya juyo da wuyansa a hankali. "Akwai wata magana ne da za ka yi da ita a sama, wadda ba ta yiwuwa a ƙasa?"

Kowa ya miƙo wuya. Har ɗan akuyan ya daina tauna.

"Ni?" in ji Garnet. "Babu. Wace magana kuma?"

"To, sauka, 'yata."

Merlene ta sauka da saurin da ya ba Garnet haushi. Aka zaunar da kek a kujerarta, matar Fasto da kanta ta ɗaura masa bel.

Karo na uku, abin mamaki, jirgin ya zabura kamar an tsikare shi. Hanci ya yi sauƙi, tayoyi suka fara sakin ƙasa. Garnet ya ji a jikinsa wannan karon da gaske za a tashi. Zai tashi da uban yarinya, da gwaggonsa, da kek, yarinyar kuwa ga ta can tana ƙanƙancewa a gefen titi. Ya rasa me ya sa jirgin ya yi sauƙi haka don an cire mace ɗaya siririya. Ya dubi allurar mai. Tana kwance a ƙasa kamar ta suma. Ya dubi gefe, ya hango Cyril a kan tasi da jarkoki jere, yana ɗaga masa babban yatsa. Duk tsawon gardamar nan ashe mutumin bai daina taimako ba.

Man da ya rage ba zai kai su ko tsakiyar teku ba.

Garnet ya kashe wuta ya danne birki da ƙafa biyu. Jirgin ya dunƙule gaba. Buhun ya taso daga baya, ya tsallake hular Gwaggo, ya faɗo tsakanin Garnet da Baba, bakinsa ya kwance.

Ƙaguwar tudu da ta kwana a buhu ba ta fitowa da fara'a. Suka bazu ko'ina, baƙaƙe, hannuwa a sama. Ɗaya ta hau gwiwar Baba, ɗaya ta shige jakar Gwaggo, ɗan akuya ya daka tsalle ya faɗa kan kek da ƙafa huɗu. Wata uwarsu ta gangara ƙasa ta cafke Garnet a idon sawu.

Birkin jirgi a ƙafa yake. Garnet ya ƙwala ihu ya naɗe ƙafafunsa biyu har ƙirji.

"Taka birki, yaro!" in ji Baba.

"Ƙaguwa ta riga ni takawa!"

"Yesu, ka karɓi raina, amma ba cikin wari ba!" in ji Gwaggo, tana dukan kowa da hula.

Jirgin ya ci gaba da gangarawa a natse, ba gaggawa, ya sauka daga titi, ya ratsa ciyawa, ya shiga fadama. Laka ta karɓe shi har cibiya. Ya yi ajiyar zuciya ya tsaya.

Duk tsibirin ya rugo. Aka ɓalle ƙofofi, ƙaguwoyi suka yi ta dirowa suna kama hanyar gida. Aka zaro Gwaggo da addu'arta, aka zaro ɗan akuya fari fat da kek. Baba ya fito da kansa, laka ta kama shi har gwiwa. Garnet ya rarrafo ya hau fiffike ya zauna, tabarau a karkace, ƙaguwar nan har yanzu tana maƙale da ƙafar wandonsa.

"Kekina!" in ji matar Fasto.

"Kyaftin," in ji Cyril, yana haki, "wannan saukar sau ɗaya ka yi ta. Ka ƙware."

"Kaɗan na ce maka! Kaɗan!"

"Na ga kana shan wahala ne, mutumina."

Merlene ta tattare riga ta tako lakar har gaban fiffike. Ta kama ƙaguwar ta baya, ta ɓamɓare ta, ta yar.

"Garnet, ka san ba zai ɗauka ba?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kan burodi."

"To me ya kai ka? Me ya sa ka yi hayar abin nan tun farko?"

Ya duba hagu, ya duba dama. Babu wanda ya rage a gida a Bonnet ranar nan, har kurman da ke gyaran raga an jawo shi gaba don ya ga baki. Garnet ya nemi ƙarya a duk aljihunsa, ya tarar ta ƙare.

"Aurenki nake so," in ji shi. "Na so in tambaye ki a sama, inda ba wanda zai ji in kin ƙi."

"Me ya ce?" aka tambaya daga baya.

"Aurenta yake so!" Cyril ya sanar. "Wai a asirce!"

Dariyar da aka yi sai da tsuntsayen fadama suka tashi. Fasto ya riƙe ciki. Baba Basil bai yi dariya ba, yana dai kallon ƙaguwoyinsa suna shigewa rami ɗaya bayan ɗaya.

Merlene ta riƙe ƙugu. "Ni da ko lilo ba na hawa? Tun jiya ban ci abinci ba don tsoro. Da ka tambaye ni a sama, amai zan ba ka amsa da shi. Ƙofar gidanmu me ta yi maka?"

"Mutane na ji."

"Yanzu fa?"

Garnet ya sunkuyar da kai. Amma jama'a ba su jira amsar Merlene ba. Tuni matar Fasto ta manta da kek ɗin da ya mutu ta fara zancen wani sabo. Wata ta ce mayafin amarya sai dai a Nassau. Wani ya ce kujerun coci ba za su isa ba, sai an yi haya daga can, ga lemo, ga ƙanƙara, ga masu kiɗa da gangunansu.

"Duk wa zai kwaso wannan?" in ji Fasto. "Jirgin ruwa ya lalace."

Garnet ya ɗago kai. Ya gyara tabarau, ya miƙe tsaye a kan fiffike da laka har kunne.

"Wannan ai ba komai ba ne. Akwai wani jirgi da na sani, in na yi hayarsa, ko cocin gaba ɗaya..."

"Garnet," in ji Merlene. "Rufe bakinka."

Ya rufe.

Gwaggo Idella ta daina matse hularta. Ta dubi yarinyar, ta dubi ɗanta da bakinsa a rufe gam, ta zunguri Baba Basil da gwiwar hannu.

"Ka ji ko? Ta karɓa."

"Na ji," in ji Baba. Ya tsinci buhun da babu komai a ciki, ya kakkaɓe, ya miƙa wa Garnet. "Sauko, surukina. Kafin a zo maganar jirgin mutane, ƙanwata na jiran ƙaguwarta."